Bencin Baya

Damaris ce ta zo da littafin daga Sabon Gari,
bangonsa ya lanƙwashe don shan hannu.
Da dare ta karanta mana a gindin rumbu,
ƙanwarta na haska mata tocila.
Wani saurayi ya lalace da giya da caca,
budurwarsa ta yi azumin kwana uku,
a shafi na sittin ya durƙusa yana kuka,
a na saba'in aka yanka shinkafar biki da kaji.
'Yan mata suka yi guɗa.
Ni ina ɓarar gyaɗa, na ce a raina:
mai rubutun nan bai taɓa zuwa Gani ba,
bai san bencin baya ba.

Nawa labarin shekara bakwai ya ci.
Filibus ne ma'ajin majami'armu,
makullin rumbun baiko a wuyansa yake kwana.
Dawa buhu goma sha ɗaya, ta godiyar kaka,
ya loda wa motar dare, ya bi bayanta,
ya bar ni da goyo, da akuya guda, da kunya.
A bakin rijiya murya takan mutu in na iso.
Na ajiye tulun da nake bugawa a zumuntar mata,
hannun da ke karkarwa ba ya riƙe kiɗa.

Ban yi azumin kwana uku ba.
Fushi na yi, mai tauri kamar ƙanzo.
Akwai daren da na ce wa Ubangiji:
in za ka gafarta masa, kai ka sani,
ni kam tawa ta ƙare har gindin tukunya.
Bai amsa ba. Gyare ne kawai ke kuka.

Ya dawo wata Laraba ana shuka,
da leda ɗaya, da tari, da giɓi a baki.
Bai shigo ba, ya kwana a zauren Baba Nomau.
Dattawa suka zauna, suka yanke masa horo:
ba ya cin Jibi sai ya biya,
wurinsa can baya, inda kwano ke yoyo.

Ya shiga ƙodago a gonakin mutane.
Tiya-tiya yake kawowa,
mai awo na jan layi da gawayi a bango.
Ɗanmu Sila na leƙensa ta kafar darni,
yana tambayata, wai wannan ne?
Bai iya daɗin baki ba, ko da can.
Sai dai in tashi da asuba
in tarar da itace a ƙofa, an ɗaure shi
da irin ƙullin da na sani.

Damina ta biyu, wata Lahadi,
ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Ana tsakiyar wa'azi na waiga.
Yoyon na sauka a tsakar kansa,
yana bin wuya, bai ko gusa ba.
Ban san lokacin da na miƙe ba.
Na ratsa sahun mata, ido ya yi mini caa,
na zauna kusa da shi, na ce: matsa,
benci ai da sauran wuri.
Ba don ya cika awo ba.
Ni ma da tiya aka auna mini jinƙai,
da tuni na kwana da yunwa.

Damaris ta rufe littafi, ta ce:
Inna Afiniki, ke naki yaya ya ƙare?
Na ce saura buhu biyu.
Da dare yana tari, ina dafa masa citta.
Wata safiyar fushin kan riga ni tashi,
in bar shi a tsakar gida, in ɗauki tulu.
In kin koma birni, ki ce wa mai rubutun nan
ya ƙara takarda.